Batirin da Kawu Ke Hawa Bene da Shi

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Ki gafarce ni da na kawo miki damuwa a tsakiyar aikinki. Na san wadda aka damƙa wa kula da manyan motocin kamfani guda ba ta da lokacin karanta wasiƙar kawunta a kan tsohuwar mota ƙwaya ɗaya, amma na duba dangi kaf, ban ga wanda zan tambaya hankalina ya kwanta ba sai ke.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Mu ma nan lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwar Innarki ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, ko da yake saukowa daga bene har yanzu sai ta huta a hanya. Ni kuwa bayana ne ya motsa, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Na zaɓi rubutu a kan waya da gangan. Abin da aka faɗa mini a waya, kafin in samo biro rabinsa ya tsere. Takarda kuwa sai in karanta, in maimaita, in ja layi.

Kin san gidanmu ba gareji, a bakin titi motar take kwana. Tun shekarar da aka sace batirin maƙwabcinmu tela, na ɗauki wani tsari da na karanta a ƙasidar da ake rabawa a shagon kayan mota. Kullum in na dawo daga ofis sai in buɗe bonet, in kwance baƙar waya tukuna, sannan ja, kamar yadda ƙasidar ta ce. In ɗaga batirin, in hau bene da shi, in ajiye a kan katako a bayan ƙofa, in goge kawunansa da tsumma. Da safe in sauko da shi in mayar. Shekaru ke nan ina yi, ko da ruwan sama ne ban fasa ba.

Makon jiya, a tsakiyar matakala, bayana ya riƙe. Na kasa hawa, na kasa sauka, sai na zauna a wurin da batir a kan cinya. Innarki ta leƙo ta gan ni, ta kira ɗanmu, yayanki Dakta. Ya zo da rigarsa ta asibiti, ya karɓi batirin, ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Baba, ni dai na san mutum ke hawa mota. Yau na ga inda mota ke hawa mutum, guntu-guntu." Innarki ta yi dariya har da riƙe bango. Ni ban ga abin dariya ba.

Da ya gama duba bayan, sai ya daina wasa. Ya tuna mini cewa a watan nan sau biyu motar ta ƙi tashi a harabar asibiti, uwarsa tana zaune cikin rana. Ya ce duk ranar da ya sake jin na ɗauki batirin, ko motar ta sake shanya masa uwa, zai karɓi makulli ya kai ta a sayar, shi zai riƙa turo mana motar haya. Kin san shi, ba ya faɗa ya fasa.

'Yata, ba tsufan motar nake ƙauna ba. Kai Innarki asibiti shi ne abu guda da ya rage ina yi mata da hannuna. Ni nake matsar mata da kujera baya saboda gwiwar, na san ramukan hanyar ɗaya bayan ɗaya, ina kauce musu. Direban haya bai san wannan ba, ba kuma ruwansa.

Saboda haka na yanke shawarar neman ƙaramin batir, wanda zan iya ɗauka da hannu ɗaya. Na je shago. Mai shagon ya ce, "Baba, a batir babba shi ne lafiya," ya fito mini da wani da ko mazauninsa bai shiga ba, bonet ma ya ƙi rufuwa a kansa. Ƙasidata kuma ta ce kada mutum ya kuskura ya sa wanda bai kai na asali ba. Na rasa na kamawa. Shin akwai ƙarami da zai iya tayar da tsohon inji irin wannan? Abin da kika ce shi zan yi.

Kawunki.

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. A gaishe mini da Inna, Allah ya ƙara sauƙi, kai ma Allah ya ba ka lafiya. A tsaye nake wannan rubutu, ana jirana, ka yi haƙuri da gajartarsa.

Kada ka sayi komai tukuna. Kuma don Allah kada ka sake ɗaga batirin nan, ko sau ɗaya. Yaya Dakta ya kira ni, mun daɗe muna magana, kuma gaskiya yana da hujja.

Ka auna mini mazaunin batirin: tsawo, faɗi, da tazarar da ke tsakaninsa da bonet. Ka tsaya a gaban motar ka gaya mini ta wane hannu jar waya take. Sannan ka duba bakin wayoyin da ke kama kan batir, ka ga ko suna juyawa da hannu bayan ka ɗaure noti.

Sauran bayani na nan zuwa.

'Yarka.

*

Zuwa ga Injiniya,

Bayan gaisuwa, ina fatan aiki yana tafiya daidai. Innarki tana amsawa. Bayana ya lafa, sai dai in na daɗe a zaune.

Wannan ita ce amsa ta biyu da na aiko. Ta farko, mai ɗauke da awon da kika nema, ta tafi tun farkon watan jiya, kuma ban ji daga gare ki ba. Don gudun ko ta ɓata, ga shi na sake. Tsawon mazaunin santimita ashirin da huɗu, faɗinsa goma sha huɗu. Tazara zuwa bonet ashirin da uku, na auna da rula, na sake da tef, suka yi daidai. Jar waya tana hannun dama. Bakin wayoyin kuwa, da yake batirin ba ya ciki, na gwada su a kan wani guntun ƙarfe mai kaurin kan batir, na ɗaure noti har ƙarshe, duk da haka suna juyawa.

Kin ce kada in sake ɗaga batirin ko sau ɗaya. Wasiƙarki ta same shi a sama, a bayan ƙofa, saboda haka a can yake har yau. Motar tana bakin titi, ƙura ta rufe ta, wani ma ya rubuta mata baƙar magana da yatsa a gilashin baya. Innarki ta je asibiti a motar haya. Ta dawo ba ta yi ƙorafi ba, amma na ga yadda ta hau matakala. Da na tambaye ta, ta ce, "Direban yana da kirki, sai dai shi da ramuka abokan juna ne, ba wanda ya wuce bai gaisar ba."

Yanzu zan faɗi abin da ke raina, ki yi haƙuri in ya yi nauyi. Na karanta layinki da ya ce Dakta yana da hujja fiye da yadda zan iya lissafawa. Na haɗa shi da cewa kada in sayi komai, na haɗa da shirun da ya biyo baya. Abin da na fahimta shi ne kun gama magana ke da yayanki, an yanke wa motar hukunci, kuma kunya ce ta hana ki rubuto mini. Idan haka ne, ban ga laifinki ba. Ke kika karanci abin nan a makaranta, kika kuma yi shi da hannu. Ban manta lokacin da kika zo mana hutu ba, kika sa in tayar da inji, kika rufe ido kina saurare, kika nuna da yatsa kika ce ga inda ƙarar take, alhali na yi ta yawo da motar wurin masu gyara ba a gano ba. Wadda ke da kunne irin wannan, in ta ce mota ta gama aiki, ni mai karatun ƙasida ba ni da ta cewa.

Roƙona kawai, ki faɗa mini da kanki, a rubuce. Kada in ji daga bakin yaron da ni na koya masa riƙe sitiyari.

Kawunki.

*

Kawu na kaina,

Wayyo Kawu! Na karanta wasiƙarka a ofis, sai da na fita waje na sha iska. Da farko gaisuwa, da fatan kai da Inna kuna lafiya. Na biyu, ban haƙuri. An tura ni wani reshe na kamfani horar da sababbin ma'aikata, wasiƙunka biyu suna kan teburina ban sani ba, jiya na dawo na same su tare. Laifina ne da ban sa an sanar da kai ba.

Ba wanda ya yanke wa motarka hukunci. Hujjar da na ce Yaya Dakta yana da ita a kan bayanka ne kawai, ba a kan mota ba. A kan mota kuwa faɗa muka yi da shi. Na ce masa, "Kai ka san ƙashi da jijiya, ka bar mini ƙarfe." Ya ce, "To Injiniya sarkin taurin kai, ke da Baba ai jirgi ɗaya ya kwaso ku. Abin da kika rubuto da hannunki shi zan bi. In kin ce motar za ta iya ɗaukar uwata lafiya, na janye." Ka ga ashe makullin yana hannuna, ba hannunsa ba.

Amma Kawu, ka bar batir a sama, mota a ƙasa, wata guda da ɗoriya, don na ce kada ka ɗaga? Ai da ka sa tela ya sauko maka da shi! Na gaya wa maigidana, ya ce da ma'aikatansa suna bin umarni kamar kawuna da tuni ya huta.

Ga bayani. Ƙasidarka ba ƙarya ta yi ba, tsufa ta yi. A zamanin da aka rubuta ta, ƙarfin batir da girmansa tare suke tafiya. Yanzu ana yin ƙanana masu ƙarfin da ya kai na manyan da. Motarka kuma ba ta da yawan kayan wuta, fitilu ne da rediyo da ham, ba ta cin komai. Abin dubawa shi ne lambar ƙarfin tayar da inji da ke jikin batir: ka karanta ta tsohon, ka nemi ƙarami wanda tasa ta kai haka ko ta ɗara. Kada tsayinsa ya kusanci bonet. Kan jar waya ya kasance a dama idan ka ajiye shi yadda zai zauna, in ba haka ba wayar ba za ta kai ba. Sannan ka kula, wasu ƙananan kawunansu sirara ne, ka zaɓi bakin waya daidai da su, a shago, a gaban idonka.

Ƙin tashin da take yi kuwa, awonka ya ba ni amsa. Bakin wayoyin nan na dalma ne, an yi su a ɗaure a bari. Kai kuma kana kwancewa kana ɗaurewa safe da yamma, shekara da shekaru, har suka buɗe suka daina kamawa. Mota ta faɗa rami, waya ta motsa, wuta ta yanke. Sabbi za ka sa, ba su da wuyar samu.

Sai abin da na san ba za ka so ba. Ko ƙaramin ne, ba na so ka riƙa hawa bene da shi. Ka kai motar wurin mai walda ya yi maka ƙarfe da zai gitta ta kan batirin, da wurin sa kwaɗo. Ɓarawo sauri yake nema, in ya ga kwaɗo gaba zai yi. Kai kuma ɗan makulli kawai za ka hau da shi.

Bari in faɗa maka wani abu. A wurin aikina akwai direbobi da yawa, wanda zai buɗe bonet bai ga hayaƙi ba sai an tona. Na karanta musu yadda kake kwance baƙar waya kafin ja, da yadda ka auna da rula ka sake da tef. Wani ya ce, "Wannan kawun naki a ina ya yi karatu?" Na ce a bakin titi, da ƙasida da haƙuri. Motar nan da a hannun wani take da tuni kaji ke kwana a ciki.

In ka gama, ka rubuto mini yadda komai ya kasance dalla-dalla, kamar yadda ka saba. A kan bayaninka zan rubuta wa Yaya Dakta takardarsa.

'Yarka mai taurin kai.

*

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Ki sake gafarta mini, na farko saboda zargin da na yi miki, na biyu saboda tsawon wannan. Bayan gaisuwa, muna lafiya. Innarki ta ce in gaya miki ita tun farko ta san ba za ki juya mini baya ba, ko da yake ban tuna ta faɗi haka a lokacin ba.

Na bi bayaninki layi-layi. Tela ya sauko mini da tsohon batir, na kwafi lambar da ke jikinsa, ya mayar da shi cikin motar, muka tafi shago tare a cikinta. Mai shagon ya sake nufar manyan, na ce a'a, na karanta masa abin da nake nema. Ya ce, "Baba, yau da lauya ka zo?" Na ce da injiniya na zo, tana aljihuna. Ya fito da ƙanana uku. Na farko kan jar wayarsa yana hagu, na mayar. Na biyu lambarsa ba ta kai ba. Na uku ya cika duk sharuɗɗanki, har lambarsa ta ɗara ta tsohon kaɗan. Kawunansa sirara ne kamar yadda kika yi gargaɗi, na zaɓi bakin waya daidai da su, aka ɗaura a gabana. Na kama da hannu na murɗa, ko motsi.

Na shiga na murza makulli. 'Yata, ban gama murzawa ba ta tashi. Na kashe na sake, ta tashi. Tela ya ce in bari haka kada in cinye sabon batir da murna. Na zauna a ciki ina jin ƙarar injin, ina mamakin yadda kina can nesa, da takarda da awo kawai, kika ga abin da ni da nake taɓa shi kullum ban gani ba. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki basira.

Da a nan labarin ya tsaya, da wannan ita ce wasiƙa mafi daɗi da na taɓa rubutawa.

Washegari na kai ta wurin mai walda saboda ƙarfen kwaɗo. Ya cire batirin don ya ga inda zai kama ƙarfen. Da ya ɗaga robar da ke shimfiɗe a mazaunin, wadda ni ban taɓa ɗagawa ba, sai ga tsatsa. Ya danna da sukundireba, ta shige kamar a cikin burodi. Ya ce wannan ba komai ba ne, zai yanke ya sa sabon faranti. Amma ni na karɓi tocila na leƙa ta ramin. A ƙarƙashin mazaunin akwai wani siririn bututu da ya wuce, na bi shi da ido har na ga daga tukunyar man birki ya fito. Daidai ƙarƙashin ramin, kimanin tsawon ɗan yatsa, bututun ya yi tsatsa, ya yi ƙuraje-ƙuraje. Na goga farin tsumma, ban ga danshi ba. Man birki bai ragu ba. Birkin yana kamawa kamar kullum.

Mai walda ya ce, "Baba, rufe kawai, wa zai gani? Wannan zai kai ka shekaru." Na yi masa godiya, na ce ya dakata da aikin. Na dawo da ita gida a hankali, na ajiye.

Ba zan ɓoye miki ba, na zauna da biro na daɗe ina tunanin in tsaya a kan labarin shago. Dakta bai sani ba, Innarki ba ta sani ba, ke ma ba ki da hanyar sani sai ta bakina. Amma kin ce a kan bayanina za ki sa hannu, kuma wadda za ta zauna a kujerar gaba Innarki ce. Ranar asibitinta ta zagayo jiya, na kira mata motar haya da kaina, na zauna kusa da direba ina nuna masa ramuka. Ta tambaye ni me ya sa, ga mota ta gyaru. Na ce ina jiran takarda. Ta dube ni ta ce, "Kai da takarda, Allah ya bar ku tare."

Na zana miki hoton wurin a bayan wannan shafi gwargwadon iyawata. Ina roƙon amsar waɗannan a rubuce:

1. Shin bututun nan ana iya canja shi shi kaɗai, ko kuwa tsatsarsa alama ce cewa sauran ma sun tafi? In ana dubawa, ta ina za a fara, kuma wane irin mai gyara zan nema?

2. Tazarar da ta rage a gefen ƙaramin batirin, in cike ta da katako, ko ƙarfen kwaɗon ya isa ya hana shi motsi?

3. Tsohon batirin yana shagon tela, yana tambaya. Ina ake kai irinsu?

4. Takardar da za ki rubuta wa Dakta, kada ki rubuta ta don ni. Ki sa maganar bututun a ciki, a layin farko. In kin ga gyara zai yi, ki faɗi wanda za a yi, in yi shi kafin Innarki ta sake shiga. In kuwa kin ga motar ba ta cancanci ɗaukarta ba, ki rubuta haka ƙarara, ki aiko mini da kwafi. Ba sai Dakta ya zo karɓar makulli ba. Zan wanke ta, in kai masa da kaina.

Ina sauraron amsarki.

Kawunki.